Fari, fara da ambaliya: abin rubutun ɗaliban Damargu

Yaron da ya tashi a Tanut ko Belbeji ba sai an nuna masa hoton bala'i a littafi ba. Damargu ƙasar hatsi ce, har a da ake ce mata rumbun Nijar, amma tana bakin Sahara, damina kuwa wata uku ce in ta yi kirki. Fari ya ci ta a 1973 da 1984, shekarar da dattawa ke kira El-Buhari don lokacin ne Najeriya ta rufe iyakarta. A 2004 fara ta sauka kan gonaki, 2005 ta zo da yunwa. Sai 2024 ruwa ya yi gyara, tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe, aka ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba.

Duk da haka, in mushe, wato malami, ya ce a siffanta fari, abin da ake yawan samu a takarda bai wuce "mutane sun sha wahala ƙwarai" ba. Gaskiya ne, sai dai mai karatu bai ga komai ba.

Aikin malami ya matsa da tambaya. Wace wahala? Me aka ci? Nan yaro zai tuna labarin anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. Wani zai kawo saniyar da ta kwanta a bakin rijiya, sai an taru an ɗaga ta da itace. Ita fara kuma tana da ƙara: wanda ya ji ta tana cin ganyen hatsi bai manta ba. Ƙurar da ke gaban hadari tana da launi, tana da ɗanɗano a haƙori.

Wanda bai ga 2005 ba a tura shi wurin kakarsa da tambaya uku, ya dawo da abin da idonta ya gani. Harshe ma ya rage zama shinge, tunda a Maris 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa. Yaro na iya fara zayyanawa da ita kafin ya nufi Faransanci.

Wuri ɗaya ne ke son hattara. A cikin aji akwai wanda ɗakinsu ya faɗi bara, ko garkensu ya ƙare. Irin wannan a bar masa zaɓi: ya rubuta nasa, ko ya siffanta ruwan farko a kwarin Tarka.