Idan Injin Ban Ruwa Yana Mutuwa Da An Ƙara Masa Wuta

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, tun da shirin Fadama na farko ya fara aiki a 1993 da tallafin Bankin Duniya, ƙaramin injin fetur ya maye gurbin jigo a yawancin fadamunmu. Masu noman rani a bakin rafukan Kurudu, Orozo da Karshi a Babban Birnin Tarayya da shi suke shayar da alayyafo, tumatir da attaruhu. Wata matsala da ta zama ruwan dare ita ce injin ya tashi lafiya, yana silo, amma da ka ja totur sai ya shaƙe ya mutu. A zafin watan Maris, kwana biyu ko uku ba ruwa sun isa su sa tumatir ya zubar da fure. Yawanci gyaran bai fi ƙarfinka ba.

Me Ke Kawo Hakan?

Inji yana buƙatar abu uku: mai, iska da wutar fulogi. Idan yana silo kaɗan yake ci, shi ya sa ƙaramin toshewa ba ya bayyana. Da ka ƙara wuta sai buƙatarsa ta ninka, duk wanda ya gaza cikin ukun nan sai ya kashe shi. A cikin kafireto akwai ƙofofin mai biyu da makanikai ke kira jet. Ƙaramar tana ciyar da inji a lokacin silo, babbar kuma a lokacin aiki. Idan babbar ta toshe, alamar da za ka gani ke nan.

Gwajin Farko

Ta da injin, ka bar shi ya ɗumama, sannan ka rufe cok rabi ka ƙara wuta. Idan ya ɗauka, mai ne bai ishe shi ba. Idan kuwa ya ƙara shaƙewa yana fitar da baƙin hayaƙi, iska ce ta yi masa kaɗan.

Matakan Dubawa

1. Baƙin mai: Injina da yawa irin Honda GX160 suna da na'urar da ke kashe su idan baƙin mai ya yi ƙasa ko an ajiye su a karkace. Daidaita mazaunin injin, ka cika man zuwa alamarsa.

2. Murfin tanki: Yana da ƙaramar hudar shan iska. Sassauta shi ka gwada. Idan injin ya daina mutuwa, hudar ce ta toshe.

3. Fetur: Tsiyaye kaɗan a farar kwalba ka bar shi ya natsa. Ruwa da datti za su kwanta a ƙasa. Ka tuna gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairun 2022 ya lalata injinan motoci da dama a Abuja da Legas. Ka yi hattara da man 'yan bumburutu, kuma ka riƙa tacewa da tsabtataccen ƙyalle.

4. Matatar iska: Ƙurar hunturu tana cika ta da wuri. In ta soso ce, wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe sarai, ka ɗiga mata baƙin mai ka matse. In ta takarda ce, kakkaɓe ta ko ka sake sabuwa.

5. Fulogi: Idan bakinsa ya yi baƙi, goge shi. Tazarar bakin ta kasance milimita 0.7 zuwa 0.8.

6. Kafireto: Rufe famfon mai, kwance kofin da ke ƙasa, ka zubar da abin da ya taru. Cire babbar jet ka wanke da fetur, ka busa mata iska har ka hango haske ta cikinta. Kada ka zura allura ko ƙusa, domin hudar za ta faɗaɗa, injin ya koma zuƙar mai fiye da ƙima.

Ka yi wannan aiki injin yana kashe kuma ya huce, nesa da wuta da taba.

Ga Masu Kwalekwale

Masunta da masu fito a tafkin Kainji da Yawuri suna fama da irin wannan a injin jirginsu. Bayan matakan sama, ka buɗe hudar iskar tanki, ka matsa robar tura mai har ta yi tauri, ka duba ko tiyo ya tsage yana jan iska. Ɗaga injin ka ga ko taru ko ciyawa ta nannaɗe farfela. Haɗa fetur da baƙin mai bisa awon da kamfanin injin ya rubuta. Kada ka ɗauki fasinja da injin da ke mutuwa, kuma kada ka rabu da filafili da rigar kariya.

Kammalawa

Canza baƙin mai bayan awa 20 na farko a sabon inji, daga nan duk bayan awa 100. Idan damina ta faɗi za ka ajiye injin, tsiyaye duk man da ke tanki da kafireto, domin fetur da ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe jet. In ka bi matakan nan matsalar ba ta kau ba, kai shi wurin ƙwararren makaniki, ko ka nemi shawarar malamin gona na yankinka.