Abin Da Jama'a Ke Nema A Google: Yadda Ya Kawo Min Masu Karatu, Da Ranar Da Ya Kunyata Ni

Shekara biyu na yi ina rubutu da Hausa a intanet daga ɗakina a Nima, amma masu karanta ni ba su kai mutanen sahun farko na sallar asuba a masallacin unguwarmu ba. Ba rashin ƙoƙari ba ne. Nakan kwana ina rubuta tarihin fataken goro da suka kafa zanguna daga Salaga har Kumasi, in saki da safe, in zauna jiran jama'a. Shiru kake ji. Kuɗin data na ta ƙonewa, Mma kuma kullum tambayarta ɗaya: "Wai wannan aikin naka na waya, yaushe zai fara sayen ko da buhun gawayi?"

Wani ƙanena mai gyaran waya a Circle ne ya buɗe min ido. Muna shan ataya ya ce, "Yaya, kai abin da kake so kake rubutawa. Ka taɓa duba abin da mutane ke tambaya?" Sai ya nuna min Google Trends a wayarsa.

Ga wanda bai san shi ba, wani dandali ne na kyauta da kamfanin Google ya buɗe a 2006, yana nuna abubuwan da mutane suka fi nema. Za ka zaɓi ƙasa, misali Ghana, ka zaɓi lokaci, ko awa ɗaya da ta wuce, ko mako guda, ko shekara biyar, har zuwa 2004. Kana iya jera kalmomi biyar ka ga wacce ta fi kasuwa, ka kuma ga yankin da aka fi nemanta. Sai dai a kula: lambobin da yake bayarwa daga 0 zuwa 100 ba yawan mutane ba ne. Lamba 100 na nufin lokacin da neman kalmar ya kai ƙololuwa, 50 kuma rabin haka. Na daɗe ban gane wannan ba.

Gwajina na farko shi ne harajin E-Levy, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Mayun 2022. Ko'ina maganar ke nan. Manyan jaridun Turanci suna ta kawo rigimar majalisa da ra'ayin masana tattalin arziki. Ni kuwa da na leƙa jerin tambayoyin da ke ƙasan kalmar, sai na ga damuwar mutane ita ce lissafi. Haka ma a layinmu. Hajiya mai waakye ta tare ni ta ce, "Ɗana, in na tura wa yarinyata sidi 300 a makaranta ta momo, nawa za su cire?"

Amsar wannan tambayar kawai na rubuta. A lokacin, harajin kashi 1.5 cikin 100 ne, sidi 100 na farko a kowace rana ba a taɓa shi, saboda haka a kan sidi 200 za a yi lissafi, wato sidi 3, ban da kuɗin da kamfanin waya ke cira. Mai turawa ne ke biya, ba mai karɓa ba. Rubutun bai kai rabin na Salaga tsawo ba, amma kafin la'asar na ga ya dawo min ta WhatsApp daga hannun wani ɗan'uwa a Aboabo. A nan na fara fahimtar sana'ar: labari mai zafi na kowa ne, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa, da harshenmu, babu mai amsa ta sai mu.

Haka na yi ranar 28 ga Nuwamban 2022, da Mohammed Kudus ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta Qatar, Ghana ta yi nasara da 3-2. Sakamakon wasa kowa ya gani a talabijin, ba zan riga kowa ba. Sai na rubuta yadda Nima ta kwana a daren, da hanyar da ɗan unguwarmu ya bi daga filin ƙura zuwa makarantar Right to Dream, zuwa Denmark, zuwa Ajax. Iyaye da yawa suka karanta, don kowane gida a zango akwai yaron da ke mafarkin hakan.

Akwai wani abu da ya kamata marubucin zango ya sani. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Ghana, masu Hausa kuma wani ɓangare ne a cikinsu. Tambayoyinmu sukan nutse cikin na sauran jama'a. Ka rubuta kalmar Hausa a Google Trends ka zaɓi Ghana, sau da yawa zai ce maka bayanan ba su isa ba. Ba wai ba a damu ba ne. Yaranmu da Turanci suke bincike, iyayenmu kuma saƙon murya suke turawa. Don haka nake haɗa ma'auni biyu: abin da waya ta nuna, da abin da ake faɗa a wurin ataya, a cikin trotro, da ƙofar masallaci bayan Juma'a. In suka haɗu a kan magana ɗaya, to na samu abin rubutawa.

Na kuma koyi sa kalmar da mutane ke bugawa a cikin kanun labari. In sun san abu da sunan momo ko Ghana Card, ba na ƙirƙiro masa wani suna da ba wanda zai nema.

To, daɗin yawan masu karatu yana da maye. Na fara tashi da waya a hannu tun kafin in yi alwala. Duk abin da ya hau sama sai na taɓa shi. Nan ne na faɗi.

Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgizar ƙasa ta afka wa Turkiyya da Siriya. Ɗan wasanmu Christian Atsu, wanda ke buga wa Hatayspor, yana cikin waɗanda gini ya rufta da su. Duk Ghana sunansa ake nema. Mutum ne da ake ƙauna, ba don ƙwallo kaɗai ba, har da taimakon marayu da biyan tarar fursunoni masu ƙananan laifi. Washegari rahotanni suka bazu cewa an ciro shi da rai. Ban tsaya na tambayi kaina wa ya gan shi da ido, ko a wane asibiti yake ba. Cikin mintoci na rubuta, na sa babban kai cewa an same shi da rai, na saki. Ban taɓa samun masu karatu kamar na ranar ba. Har hamdala aka riƙa turo min.

Ba a jima ba aka ce ba a gan shi ba. Ranar 18 ga watan aka tabbatar an samu gawarsa a ƙarƙashin ɓaraguzai.

Gaskiya ne ba ni kaɗai na ɗauki labarin ba, har manyan kafofi sun ɗauka. Amma wannan bai wanke ni a layinmu ba. Kawuna, wanda jikarsa ke karanta masa rubutuna, ya aika a kira ni. Ya ce, "Ɗana, mu ba ma jin Turanci. Abin da ka ce shi muka ɗauka, har na faɗa wa mutane a masallaci. Yanzu wa ya yi ƙarya, kai ko ni?" Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, laifina ne." Ya ce magana zarar bunu ce, ya sallame ni. A ranar na rubuta gyara da neman afuwa, amma waɗanda suka karanta gyaran ba su kai na farko ba.

Tun daga nan na sa wa kaina ƙa'ida. Labarin rai da mutuwa, ba na sakinsa sai iyali ko hukuma sun tabbatar, kuma ko da sun yi magana, sai in faɗi wanda ya ce, ba in mai da shi zancena ba. Abin da ban san kansa ba, ko yana kan gaba a jerin, na bar shi ya wuce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na kuma gano cewa riba mai ɗorewa tana wurin abubuwan da ke dawowa kowace shekara. Ka buɗe ma'aunin shekara biyar za ka ga tudu a wuri ɗaya: ganin watan azumi, wanda ke matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, kuɗin kujerar Hajji, sakamakon jarrabawar BECE da rabon makarantun sakandare. Waɗannan ba sa buƙatar tsere. Tun da sauran wata guda nake tattara bayani, in bi ofisoshin da abin ya shafa, in rubuta a tsanake. Ranar da jama'a suka fara nema, sun tarar da ni a zaune.

Tarihin Salaga ma bai tafi a banza ba. Wanda E-Levy ya kawo, in ya samu amsa ta gaskiya, yakan zauna ya karanta wani abin. An soke harajin a 2025, rubutunsa ya mutu, amma mutanen da ya kawo suna nan. Mma ta samu gawayinta. Kawu kuma har yau jikarsa na karanta masa, sai dai in ta gama yakan ce ta duba ko na faɗi inda na ji. Allah ya sa mu fi ƙarfin gaggawarmu.