Gidan Renon Yara: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Duba Kafin Su Miƙa Amana

A gidan Bahaushe na da, renon yaro bai taɓa zama aikin mace ɗaya ba. Mai jego tana gama wankan arba'in, ga kaka, ga gwaggo, ga abokiyar zama, ga 'yar reno da majanyinta. In uwa za ta unguwa, sai ta sauke goyo ta miƙa wa wanda ke kusa. Yau kuwa ma'aurata da yawa a Kano da Kaduna da Abuja da Yamai suna zaune su biyu a gidan haya, dangi na can gari. Uwa malamar makaranta ce, ko ma'aikaciyar jinya, ko ɗalibar jami'a. Yarinyar da a da za a ɗauko daga ƙauye ta yi reno, ita ma makaranta ce hakkinta. Wannan sauyi ne ya sa gidajen renon yara suke ta ƙaruwa a unguwanninmu.

Gidan reno wuri ne da ake kai yaro da safe, a ɗauko shi da rana ko da yamma, a biya kuɗi a wata. Ya bambanta da gidan marayu, domin yaron yana da iyaye kuma a gidansu yake kwana. Ya bambanta da ajin naziri, domin nan ba karatu ake zuwa ba, ci da barci da wasa da tsafta ne aikin. Tsarin ya samo asali ne daga Turai. A 1844 wani mai suna Firmin Marbeau ya buɗe irin wannan gida a birnin Faris na Faransa saboda 'ya'yan mata talakawa masu fita aikin ƙwadago.

Dalilin da ya sa har jarirai ake kaiwa yana cikin lissafin hutun haihuwa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mace mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata shida. Jihar Legas a 2014 da Jihar Kaduna a 2019 sun ƙara wa ma'aikatansu mata hutun zuwa wata shida, amma mai aiki a kamfani ko makarantar kuɗi sau da yawa tana komawa aiki jaririnta bai ko fara zama ba. Dokar ƙwadagon ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta ba da nono. Wannan dama ba ta da amfani in uwa tana bakin aiki, jaririn yana wata unguwa mai nisan tafiyar awa guda. Shi ya sa gidan renon da ya fi dacewa da jariri shi ne na cikin ma'aikata ko na kusa da ita.

To, me uwa da uba za su duba? Na farko, yawan masu reno. Masana kula da yara suna ba da shawarar kada mace ɗaya ta riƙe jarirai fiye da uku ko huɗu. In ka leƙa ka ga jarirai goma sha a kan katifa, mai reno ɗaya tana jijjiga wannan, wancan yana tsala kuka ba mai ɗauka, ka riga ka sami amsarka. Kada a tsaya ga ziyarar da aka shirya. A je ba zato da tsakar rana, lokacin da zafi ya yi tsanani kuma yara suka gaji, domin gani ya kori ji. Gidan da ke hana iyaye wuce ƙofa yana da abin da yake ɓoyewa.

Na biyu, tsafta. Gudawa da mura da ƙyanda da ciwon ido suna saurin yaɗuwa a inda yara suka taru. A duba ko akwai ruwa da sabulu a wurin da ake canza wa yara ƙunzugu, ko wurin yana nesa da inda ake dama kunu, ko kowane yaro yana da kofinsa da cokalinsa da tawul ɗinsa. A tambaya ko suna karɓar katin rigakafi kafin su ɗauki yaro. Gidan da bai nemi katin ɗanka ba, bai nemi na sauran ba. Nonon da uwa ta tatsa ta bari ba ya wuce kimanin awa huɗu a ɗaki, a zafin bazara ma bai kai haka ba, saboda haka sai an ga firji mai aiki ko kula mai ƙanƙara.

Na uku, barci. Jariri a rigingine ake kwantar da shi, a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, ba tarin zannuwa kusa da fuskarsa, a cikin gidan sauro. Akwai wata mummunar ɗabi'a ta ɗura wa yara maganin tari ko na mura don su yi ta barci mai reno ta huta. Wannan yana iya danne numfashin jariri. In yaro kullum yana dawowa gida a galabaice, ba ya kama nono, ko barcinsa ya yi nauyin da ba a saba ba, kada a yi shiru. Haka ƙujewa ko tabon da ba a yi bayaninsa ba, da yaron da ke firgita in ya ga wata mai reno.

Na huɗu, ƙofa. Wa ke da izinin ɗaukar yaro? Gidan kirki yana rubuta sunayen waɗanda iyaye suka amince da su, kuma ba ya miƙa yaro ga mai babur ko wani da ya ce shi kawu ne sai ya kira uwa ko uba. A duba rijiya da bokitan ruwa da wayoyin lantarki da risho, duk su kasance inda mai rarrafe ba zai kai ba.

Iyaye ma suna da nasu nauyin. Yaron da ya kwana da zazzaɓi ko gudawa asibiti ya kamata a kai shi, kai shi cikin 'ya'yan mutane zalunci ne. A biya kuɗi a kan lokaci, domin mai renon da ta yi wata biyu ba albashi da wuya ta yi haƙuri da kukan ɗan wani. A ɗauko yaro a lokacin da aka yi alkawari. In an dawo gida kuma a ajiye waya, a ɗauke shi, a yi masa magana da harshen gida, domin gidan reno taimako ne kawai, tarbiyya tana wuyan iyaye.

Irin wannan buƙata ta fara bayyana a wajen tsofaffi. A Japan, tun da aka kafa inshorar kula da tsofaffi a 2000, mota kan zo da safe ta ɗauki dattijo zuwa cibiyar wuni, a yi masa wanka, a motsa masa jiki, ya ci abinci, ya yi hira da tsaransa, da yamma a mayar da shi gida. Wannan ba gidan gajiyayyu ba ne, kuma ba yasar da iyaye ba ne. Tsohuwar da ta kamu da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon mantuwa, 'ya'yanta duk sun fita nema, tana wuni ita kaɗai a ɗaki, ta fi buƙatar irin wannan wuri fiye da surutun mutane.

Kira ga gwamnatocin jihohi shi ne su yi wa gidajen reno rajista, su riƙa kai ziyarar bazata, su horar da masu reno a kan taimakon gaggawa. Asibitoci da jami'o'i da sakatariyoyi su ware ɗaki ɗaya domin jariran ma'aikatansu. Ke kuma uwa, da kai uba, kada arha ko kusanci su sa ku miƙa ɗanku inda ba ku shiga kun gani da idonku ba. Amana ce Allah zai tambaye ku a kanta.