Gargaɗi ga Masu Zamiya a Kan Ƙanƙara: Ku Ji Tsoron Ƙafar da Ta Daina Ciwo

Daga Disamba zuwa Maris, hotunan yaranmu da ke karatu a Turkiyya da Rasha da Kanada kan cika wayoyi: an sha rigar sanyi, an ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafa, ana murmushi a kan dutse fari fat. Na Bursa ya hau Uludag, na Kayseri ya tafi Erciyes, na Erzurum yana Palandoken. Ko ɗan kasuwar da ya je saro kaya Dubai yana iya yankar tikiti ya shiga Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005, ya yi zamiya a kan dusar ƙanƙara alhali a waje rana na dukan mutane. Ba ni da ja da wannan nishaɗi. Damuwata ita ce ƙafar da ke cikin takalmin, wadda hoto ba ya nunawa, kuma sakacin yini guda kan iya raba ta da yatsunta.

Takalmin zamiya ƙwarya ce ta roba mai tauri da ke kamo ƙafa tun daga yatsu har tsakiyar ƙwauri, da maɗaurai na ƙarfe, yawanci huɗu. An yi shi don ya hana idon sawu motsi, saboda haka matsi kaɗan dole ne. A shagon haya ake fara yin ɓarna. Baƙo ya sa takalmin, ya ji ya kama shi, sai ya ce a ba shi wanda ya fi girma, tunda ya saba da takalmin da yatsu ke sakewa a ciki. To babban takalmi ya fi ƙarami mugunta a wannan wasa. Duk gangarowar da aka yi ƙafa na sulalewa gaba, babban yatsa na dukan bakin robar, ƙwauri na karo da harshen takalmin. Da yamma za a ga jini ya kwanta ƙarƙashin farce, bayan makonni farcen ya fita. Mai takalmin kuma, don ya hana ƙafar yawo, sai ya ƙara tamke maɗaurin da ke saman ƙafa, daidai inda jijiyar jini mai kai wa yatsu ɗumi ta bi. Ya toshe wa kansa hanyar jini ke nan a wurin da ake tsananin bukatarsa.

Ana auna wannan takalmi ne da tsawon ƙafa a santimita, don haka a manta da lambar da aka saba saye a kasuwa, a bari ma'aikacin shagon ya auna. Idan mutum ya miƙe tsaye yatsunsa su ɗan taɓa gaba, idan ya durƙusa gwiwa ya jingina ƙwauri su janye baya kaɗan, dunduniya kuwa ta zauna daram. Maɗauran ƙwauri su kama sosai, na saman ƙafa a rufe su da sauƙi yadda yatsa ɗaya zai iya ɓalle su. Safa kuma ƙwaya ɗaya, siririya, doguwa, ta ulu. Mutuminmu da ke tsoron sanyi yakan zuba safar auduga biyu ko uku, ya cusa ƙafar wando a ciki. Auduga na shan gumi ta riƙe shi, jiƙaƙƙiyar ƙafa kuwa ta fi saurin daskarewa, ga shi tarin safar ya ƙara matse jini.

Gajiyar tafin ƙafa da tsamin ƙwauri a ranar farko ba abin tayar da hankali ba ne. A sauka, a kwance maɗaurai, a huta, za su lafa. Wanda nake jin tsoro shi ne ciwon da ke tafiya da kansa. Yatsu kan fara da zogi, sai a ji kamar ana tsira musu allura, sai kuma can a ji shiru. Mai wasa ya yi hamdala, ya ce ƙafa ta saba, ya sake hawa kujerar da ke ɗaukar mutane zuwa ƙololuwar dutse, ƙafafunsa na lilo cikin iska minti goma ko fiye. Wannan shirun na nufin jijiyoyi sun sage. Jiki ya janye jini daga yatsu don ya kare zuciya da sauran kayan ciki, idan aka ci gaba kuma ruwan da ke cikin nama ya soma zama ƙanƙara. Mu da aka rena da cewa namiji ba ya raki, ga kuma kuɗin tikiti an riga an biya, mu ne muka fi sauƙin faɗawa wannan tarko.

Takardun gargaɗin da ake liƙawa a wuraren wasan kan ce a lura da fata idan ta yi ja sannan ta koma fara. Don masu farar fata aka rubuta su. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi toka-toka ko ya koɗe ya dusashe, kuma an fi ganin hakan a ƙasan yatsu da ƙarƙashin farce. Mace mai lalle a ƙafa ma ba za ta ga ko wannan ba. Don haka a dogara da taɓawa. Yatsan da ya yi tauri, aka matsa shi bai lotsa ba, aka mintsine shi mai shi bai ji ba, ya riga ya shiga haɗari.

Daga nan ne tarbiyyar hunturu ke cutar da mu. Duk wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya san maganin sanyi: a hura wuta a miƙa ƙafa, a murza da man zafi, a gasa da tsumma da tafasasshen ruwa. Kowanne daga cikinsu guba ne ga naman da ya daskare. Ƙafar da ba ta ji ba za ta san wuta na cin ta ba, sai ƙuna ta hau kan daskarewa. Murza kuwa tamkar cuɗa nama ne da garin kwalba a cikinsa, don ƙanƙarar da ta taru a ciki na yayyanka shi. Turawa ma sun daɗe cikin irin wannan kuskure. Dominique Larrey, babban likitan sojojin Napoleon, ya ga yadda ƙafafun sojojin da suka ruga jin wuta suka ruɓe a janyewarsu daga Mosko a 1812, sai ya ba da shawarar a riƙa goga musu dusar ƙanƙara. An fi shekara ɗari ana bin wannan shawara kafin likitoci su tabbatar ita ma ɓarna take yi. Har yau za ka iya haɗuwa da wanda zai ba ka ita a kan dutse da zuciya ɗaya. Ka ƙi.

Abin yi shi ne a shiga ɗaki mai ɗumi, a cire takalmi da jiƙaƙƙiyar safa, a tsoma ƙafar cikin ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannun mai lafiya za ta zauna a ciki ba tare da jin ƙuna ba. A riƙa ƙara ruwan ɗumi har kusan rabin awa, sai naman ya yi laushi. Zai yi azabar ciwo, kuma dawowar ciwon alama ce mai kyau. Sharaɗi ɗaya ne: kada a narkar da ƙafa idan akwai yiwuwar ta sake daskarewa kafin a kai asibiti, don daskarewa ta biyu ta fi ta farko kashe nama. Bayan ta narke ba a taka ta, balle a mayar da ita takalmi a koma wasa. Idan bororo ya taso kada a fasa shi. Mai jini a ciki yana nuna ɓarnar ta yi zurfi.

Asibiti kuma ranar ake zuwa. Akwai magungunan da ke buɗe hanyoyin jini su ceci yatsu, irin su iloprost da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan matsala a 2024, amma amfaninsu yana cikin yini ɗaya zuwa uku na farko. Ɗalibin da ya ce bari ya ga yadda za ta kwana, ko ya jira hutu ya nuna a gida, zai iso ne da yatsa baƙi ƙirin, lokacin da maganar da ta rage ita ce inda za a yanke.

Masu sikila, da ku nake musamman. Sanyi da ƙarancin iska a kan tsauni da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon, ga shi wuraren zamiya da yawa sun haura mita 2,000. Ko mai AS da bai taɓa kwanciya ba, tsauni na iya taɓa masa saifa. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka fara mutuwa shi kuma ba zai ji zogin farkon ba sam. Waɗannan su ga likita kafin su sayi tikiti. Taba da shisha na tsuke jijiyoyin jini, a ajiye su ranar. Wanda ya yi alwalar azahar a wurin ya tsane tsakanin yatsunsa sarai, ya canza busasshiyar safa kafin ya mayar da takalmi.

Yawancin wuraren zamiya na da ma'aikatan ceto da ke sintiri a kan dutsen, lambarsu kan kasance a jikin taswirar da ake bayarwa a ƙofa. A adana ta a waya tun kafin a hau, tare da 112 a Turkiyya da Rasha da ƙasashen Tarayyar Turai, ko 911 a Kanada da Amurka. Wayar kuma a sa ta a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi na shanye batir da wuri.