Ɗaukar Hoto a Kan Hanya: Daga Duwatsun Azbin Zuwa Saman Dala

Kyawun hoton wuri ya fi rataya a kan lokacin da aka ɗauke shi fiye da tsadar kyamara. Da tsakar rana haske yana sauka ne kai tsaye daga sama, inuwa ta shige ƙarƙashin abubuwa, sai dutse da gini su fito fayau ba tudu ba kwari. Daga hudowar rana zuwa hantsi kuwa, da kuma la'asar sakaliya, hasken yana zuwa ta gefe, ya fito da kowace tsaga da kowane lanƙwasa. Saboda haka gwanayen wannan sana'a sukan yi tafiyarsu da rana tsaka, su keɓe safiya da yamma ga aikin hoto.

Duwatsun Azbin da ke arewa da Agadas a Jamhuriyar Nijar makaranta ce ga mai son ya koyi ɗaukar dutsen hamada. A can ne tudun Bagazam yake, inda ƙololuwar Idukal-n-Tagas ta kai mita 2,022, kuma babu wurin da ya fi ta tsayi a ƙasar. UNESCO ta sanya wani yanki na Azbin da hamadar Tanere cikin wuraren gado na duniya a 1991. Abin da ya sa wurin ke da wuyar ɗauka shi ne haɗuwar baƙin dutse da farin rairayi, kamar a Arakaw, inda yashin Tanere ya kutsa cikin da'irar duwatsu. Kyamara tana auna haske da kanta, kuma idan rairayi ya cika mata ido sai ta rage hasken, yashin ya fito a dushe, dutsen ya zama baƙi ƙirin. Maganinsa shi ne mai ɗauka ya ƙara hasken kaɗan da hannu. Ko a waya ana iya yin haka: a taɓa wurin da ake so a fuskar wayar, a ja alamar haske sama ko ƙasa.

Akwai kuma matsalar girma. Dutsen da ya cika wa mutum ido yana tsaye a gindinsa yakan koma ɗan tsibi a hoto, domin babu abin da za a gwada shi da shi. Raƙumi guda, ko itaciya, ko mutum a nesa, ya isa ya nuna girman. Haka abin yake ga zanen raƙuman dawa na Dabus, wanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce: babban cikinsu ya haura mita 5, amma sai da mutum a gefe mai kallo zai gane hakan, kuma sai da hasken gefe layukan sassaƙar suke fitowa sosai.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kayan aiki. Ba a canja gilashin kyamara a cikin iska, ba a kuma goge shi da bakin riga, don ƙwayar yashi tana karce shi; a fara hure ƙurar tukuna. Zafin Afrilu da Mayu, wanda a Agadas yakan wuce digiri 40, yana sa waya ta ɗauke. Iska ta fi tsabta a kaka, bayan damina ta wanke sararin sama. Hazon hunturu yana ɓoye nesa, sai dai mai ido yakan ci ribarsa, domin yana jera duwatsu sahu-sahu, na kusa da duhu, na nesa suna ƙara dusashewa.

A ƙauye da ƙaramin gari aikin ya sha bamban, saboda a nan akwai mutane. Timiya, a tsakiyar Azbin, ta fi fitowa idan an hau tudun tsohon sansanin Faransawa aka hango korayen lambunanta na dabino da lemo da rumman a tsakanin busassun duwatsu. Manyan rumbunan ƙasa na yankin Tawa da zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram suna buƙatar hasken safe, wanda ke nuna sawun hannun magini a jikin yaɓe. Amma kafin a zo ga haske, ladabi ne kan gaba. Baƙo ya fara da sallama, ya gaida mai gari ko mai unguwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba a ɗaukar mace ko yaro sai da izini, ba a leƙa kyamara ta bayan zaure, wanda ya ce a'a kuma a ƙyale shi. Mutumin karkara ba kayan kallo ba ne, kuma hoton da aka sata yakan nuna kansa a fuskar wanda aka ɗauka. Idan an ɗauka da yardarsa, a juya kyamarar a nuna masa.

Birni kuma yana son tudu. A Kano ana hawa Dala ko Goron Dutse a ga tsohon gari a shimfiɗe har iyakar ganin ido. A Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin UNESCO a 2013, komai yana kewaye da hasumiyar babban masallaci mai tsayin mita 27, ginin ƙasa na kusan 1515 da aka sake ginawa a 1844, kuma daga rufin sorayen da ke kusa ta fi kyan ɗauka. A Abuja ƙubbar Masallacin Ƙasa mai ruwan zinariya da hasumiyoyinsa huɗu su ne abin da ido ke fara kamawa. Lokacin da ya fi dacewa da birni shi ne jim kaɗan bayan faɗuwar rana, fitilu sun kama amma sama ba ta gama yin duhu ba. A ƙasashenmu wannan lokaci gajere ne ƙwarai, don haka a zaɓi wurin tsayuwa tun da la'asar. Hasken ya yi ƙaranci a riƙe kyamara a hannu; a ɗora ta a kan maɗori mai ƙafa uku ko a kan katanga. A kuma guji ɗaga bakinta sama, domin hakan yana sa dogayen gine-gine su fito kamar za su faɗi baya.

Doka ma tana da nata. A Najeriya da Nijar ɗaukar hoton barikin soja, shingen binciken jami'an tsaro, filin jirgin sama ko fadar shugaban ƙasa yana iya jawo kamu da ƙwace kyamara, ƙaramin jirgi marar matuƙi kuwa sai da izinin hukuma ake tayar da shi. Yankin Azbin ya sha fama da rashin tsaro, saboda haka duk mai niyyar zuwa ya nemi izinin hukumomi a Agadas, ya kuma ɗauki jagora ɗan ƙasa wanda ya san rijiyoyi da hanyoyi.