Idan ɗan'uwanka ya ce ya gaji da duniya

"Gara in mutu in huta." Da yawanmu mun taɓa jin wannan magana daga bakin wani na gida, muka ce masa "Kai, yi istigfari," muka wuce harkarmu. Ba kullum ba ne take zama wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma abin yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Tun 2003 ake ware ranar 10 ga Satumba don wayar da kai a kan haka.

Alamun sukan bayyana, mu ne dai ba ma lura. Yarinyar da gida ya saba da surutunta ta shige ɗaki, kwanon tuwonta ya kwana a rufe. Magidancin da jarinsa ya karye ya daina zuwa majalisa. Mai jego ta yi ta kuka ba dalili. Wanda ya fi ban tsoro shi ne mutum ya fara raba kayansa, yana bin mutane da "ku yafe mini," alhali ba tafiya zai yi ba.

In ka ga haka, ka zauna da shi, ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Kunya takan hana mu, wasu kuma suna tsoron tambayar ce za ta saka masa tunanin. Likitocin ƙwaƙwalwa sun tabbatar ba haka ba ne. Tambayar takan sauke masa nauyi. Sai ka yi shiru ka saurara. Wa'azi ya dakata tukuna. Ya san haramun ne, ba ilimi ya rasa ba, ciwon damuwa ne ya danne shi. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti.

Kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kwashe maganin ƙwari da na feshin gona da tarin ƙwayoyin asibiti daga gidan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: da Siri Lanka ta haramta magungunan feshi mafi guba, an ƙiyasta ta ceci rai kusan 93,000 daga 1995 zuwa 2015, domin tunanin yakan zo da ƙarfi ne ya lafa.

Iyalai da dama suna ɓoye lamarin saboda dokar ƙasarmu ta Penal Code ta daɗe da tanadin ɗauri ga wanda ya yi yunƙurin. Ghana ta soke irinta a 2023, kuma a ganina ta yi daidai.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. In abin ya zama na gaggawa, a kira 112 ko a garzaya asibiti mafi kusa. Kada ku jira gari ya waye.