Ina Za Mu Sauka Idan Mun Yi Tafiya?

Mutumin Achilafiya ko Roni ko Gwiwa, in ya tashi kai mara lafiya Kano, ko Asibitin Ido na ECWA ko Asibitin Malam Aminu Kano, yakan yi lissafin kuɗin mota da na magani, amma ya manta da wurin kwana. Sai rana ta faɗi, ga mata, ga yara, sa'an nan a fara neman masauki.

A zamanin kakanninmu abin da sauƙi. Fatake masu zuwa Gwanja neman goro suna sauka a zango, wurin mai gida. Shi ne zai ba su ɗaki da abinci, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya ci la'adarsa. Haka aka yi a Kumasi, haka kuma a Sabo ta Ibadan. Yau kuwa, ban da gidan dangi, hanyoyi uku ne a gabanmu.

Otal dai kowa ya san shi. Ka biya kwanan da ka yi, ka tafi, ba wanda ke binka bashi. Amma fa iyali mai mutum shida sai ɗaki biyu, kuma ba a barin uwargida ta hura wuta, don haka kowane tuwo sai an saya. Masaukin baƙi na ekklesiya yakan fi araha, in an aika da wuri aka kama ɗaki.

Na biyu shi ne hayar gida na 'yan kwanaki. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, shi ya yaɗa wannan, yanzu kuwa ana samun irin waɗannan gidaje a Abuja da Legas da Kano. Ga masu jinyar mako biyu, mu dai muna ganin ya fi, domin akwai madafa, ana iya tafiya da gero da daddawa daga gida. Sai dai kada a tura kuɗi don hoto kawai. A sa wani ɗan'uwa ya je ya gani da idonsa.

Na uku shi ne wanda muke so mu daɗe a kansa, watau sayen mako, abin da Turawa ke kira taimshiya. 'Ya'yanmu da ke aiki a Ingila ko Dubai suna gamuwa da tallarsa. An fara shi a Turai. Kamfanin Hapimag na Suwizalan ya soma a 1963, a 1974 kuma aka kafa RCI a Amurka don masu makonni su riƙa musanya. Mutane da yawa ne ke tarayya a ɗaki ɗaya, kowa da makonsa a shekara. Kamar watanda ke nan, sai dai ita wannan saniyar ba a yanka ta a raba a watse, ciyar da ita ake yi kowace shekara. Bayan babban kuɗin farko akwai kuɗin gyara na shekara-shekara, ko ka je ko ba ka je ba, kuma yakan hau. Ga wanda ke samun Naira yana biya da Dala, nauyin ninki ne. Ranar da ka so sayarwa, da wuya ka sami mai saye a rabin abin da ka biya, wani lokaci ma magada ne ke tarar da takardar bashi.

Saboda matsin dillalai ne Tarayyar Turai ta yi doka a 2008, cewa mai saye yana da kwana 14 na janyewa, kuma ba a karɓar kuɗinsa a cikin kwanakin nan. Ba lallai ne wannan doka ta rufe wanda ya sa hannu a wata ƙasa dabam ba.

Mu kuma mu tambayi kanmu: tafiyarmu tana da ranar da aka tsayar? Ciwo da biki da jana'iza su ke fitar da mu daga gida, ba sa duba makon da aka rubuta a takarda. In makonka ya faɗo a watan Yuli, lokacin noman gero, wa zai bar gona ya tafi hutu?